A Rubuta Ilimin Tiga da Riruwai da Hausa

Yaron da ke wanka a bakin madatsar ruwa ta Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji, idan ya ga jini a fitsarinsa, wa zai tambaya? Sau da yawa wayar yayansa ce malaminsa na farko. Abin da ya kamata ya tarar a Wikipedia ta Hausa shi ne bayani dalla-dalla: tsargiya ce, tsutsarta tana rayuwa a jikin dodon koɗi na ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka, kuma akwai maganinta, praziquantel, a asibiti.

Tun 2001 da aka buɗe Wikipedia, ƙofarta a buɗe take ga duk mai hujja. Matasan ƙungiyar masu rubuta Wikipedia ta Hausa sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kimiyya sai da masana.

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, yadda ruwanta ke shayar da gonakin Kadawa, kuzar da ke duwatsun Riruwai a Doguwa, itatuwa da namun dajin Falgore, duk ilimi ne da ke kwance a kundin bincike, da Turanci. Manomin Kiru ko Tudun Wada bai san da shi ba, alhali a ƙasarsa aka tattaro.

Muna roƙon malaman Jami'ar Bayero da ta Wudil: kowane ɗalibin kimiyya ya rubuta maƙala guda da Hausa kafin ya kammala, malaminsa ya duba ta kafin a saka.