Albasar Magarya da Dungas: a ba manomi halin jira

Duk shekara, daga watan Maris zuwa Afrilu, manoman rani na kwarin Korama suna cire albasarsu kusan a lokaci guda, kuma a daidai lokacin ne farashinta yake faɗuwa warwas. Buhun da aka rabu da shi da arha a Bande ko Waca cikin bazara, idan ya kai Oktoba ko Nuwamba lafiya sai ya ninka kuɗinsa, sau da yawa ma fiye da ninki ɗaya. Ribar albasa tana cikin waɗannan watanni na tsakiya, kuma manomin Magarya da Dungas ba ya cin komai a cikinta, domin kafin su zo ya riga ya sayar. Ra'ayina shi ne duk wani kuɗi da hukuma ko wani shiri zai zuba a harkar albasar yankin nan, ya kamata ya fara tafiya ga abin da zai ba manomi halin jira, kafin a yi zancen faɗaɗa garake.

Yankin yana da abin da wurare da yawa a Nijar suke nema ruwa a jallo. Ruwa yana kusa a fadamun Bande, Waca da Guci, gajeriyar rijiya da ƙaramin injin ban ruwa sun isa a raya garka. Akwai hannun aiki, domin ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 900 a gundumomin biyu, kuma mutane ne da suka saba da rake, rogo, tumatir da kabeji tun kaka da kakanni. Ga kasuwa a bakin ƙofa: Damagaram tana arewa, Babban Mutum da Ɓaɓura da Maigatari suna kudu, daga nan kuma sai Kano. Sunan albasar Nijar ma ya riga ya yi musu talla, tun da jar albasar Galmi ta shahara daga Kumasi da Akara har Abijan, kuma hukumar kare haƙƙin mallaka ta Afirka, OAPI, ta yi mata rajista a matsayin amfanin gona mai ɗauke da sunan ƙasarsa.

Sai dai wannan suna na Tawa ne. Manoman Galmi, Madawa da Tamaske sun shafe shekaru suna gina abin da Magarya ba ta da shi: dillalai masu hulɗa da fataken Gana da Kwaddibuwa, tashoshin albasa irin ta Tsarnawa inda ake tsayar da farashi a bainar jama'a, ƙungiyar ANFO mai magana da yawun masu sana'ar, da rudu, rumbun kara da ciyawa da ake adana albasa a ciki. Agadas kuwa ta samu nata gurbin da albasar damina, wadda take fitowa lokacin da ta kowa ta ƙare. Albasar Korama tana fitowa tare da ta Tawa, tare da ta Aliero da Sakkwato da Kano, ga ta kaɗan, ga hanyarta zuwa gaɓar teku ta fi ta kowa nisa. Wanda ya ce a ƙara yawan albasar da ake nomawa a nan ba tare da wurin ajiya ba, ƙara kaya yake yi a kasuwar da ta riga ta cika a watan da farashi ya fi lalacewa.

Dalilin gaggawar manomi kuwa sananne ne. Da bashi ya sayi iri da taki da mai, sau da yawa daga hannun wanda zai sayi albasar, kuma ranar cira ita ce ranar biya. Man ya ƙara masa nauyi tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, domin injinan garake na bakin iyaka da man Najeriya mai arha suka saba aiki. A shekarar ce darajar naira ta zube, alhali cinikin ƙauyukan iyaka da naira ake yawan yin sa, sai manomi ya sayar da naira ya je ya biya wasu buƙatunsa da sefa. Iyakar kanta an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har farkon 2024. Mai kayan da ba ya ajiyuwa shi ne ya fi kowa jin jiki idan hanya ta toshe. Sannan ga buhu mai hula, wanda ake cika shi har ya wuce baki a ɗinke, ana sayen sa a matsayin buhu ɗaya ba tare da an ɗora shi kan sikeli ba.

Za a ce albasa ba gero ba ce, ruɓewa take yi, kuma wanda ya ajiye ta yana iya buɗe rumbu ya tarar da asara. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa bankuna suke ɗari-ɗari da ita. Amma ruɓewar albasa daga garka take farawa. Wadda aka cika wa takin yuriya don ta yi girma tana tara ruwa, ba ta daɗewa. Wadda aka ci gaba da ba ta ruwa har ranar cira, aka yanke lawashinta ɗanye, aka jibge ta a rana, ita ma haka. Idan irin na gari ne, aka rage taki, aka tsayar da ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, aka bar wuyanta ya bushe a inuwa, aka tsince masu rauni, aka shimfiɗa sauran a wuri mai shan iska, albasar Galmi tana yin watanni. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake buƙatar lantarki ko ɗakin sanyi. Malamin gona suke buƙata wanda zai zo garka a kan lokaci, da ɗakin ƙasa mai tagogi wanda maginan gari za su iya ginawa. Ko an yi asarar wani kaso, abin da ya tsira yana biyan ta idan farashi ya tashi.

Wata suka da ta fi wannan nauyi ita ce ajiya ta mai hali ce, talaka ba zai iya jira ba ko an gina masa ɗaki. Na yarda da wannan, kuma shi ya sa ɗaki kaɗai ba ya wadatarwa. Nijar ta san tsarin ba da rance a kan amfanin gona da aka kulle a sito tun ƙarshen shekarun 1990, an yi shi da gero da wake da gyaɗa, manoma sun karɓi kuɗi a kaka sun fanshi kayansu lokacin da suka yi tsada. Albasa tana buƙatar irin wannan tsari da aka gyara daidai da halinta: ƙungiyar manoma ta riƙe ɗakin, a riƙa dubawa ana tsincewa, rancen ya zama wani kaso ne kawai na darajar kayan, hukuma kuma ta tsaya wa bankin a kan wani ɓangare na asara. Bankin noma na BAGRI don irin wannan aka kafa shi. Ɗakin da aka gina babu rance a bayansa, ɗan kasuwa ne zai cika shi da albasar da ya saya da arha.

Akwai kuma abin da mata suka riga suka iya. Gabu, wato busasshen ganyen albasa, tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A Bandiyagara ta ƙasar Mali, Dogonawa suna daka ƙananan albasarsu su dunƙula su shanya, ko su yanka su busar, kuma da wannan busasshen kaya suke kai wa kasuwar Bamako duk shekara. Albasar da ta yi ƙanƙanta ko ta ji rauni a Waca tana iya bin wannan hanya maimakon juji.

Ba na ganin albasa za ta ture rake a Korama, kuma bai kamata ba. Gonaki suna ƙara tsukewa da rabon gado, rairayi yana cike wasu fadamu, kanwa tana cin wasu, saboda haka filin da za a ƙara kaɗan ne. Abin da ya rage shi ne manomi ya samu kuɗi mai yawa daga buhunan da yake cirewa yanzu. Ina kira ga hukumomin gundumomin Magarya da Dungas, da majalisar manoma ta jihar Damagaram, da shirye-shiryen da suke raba injinan ban ruwa, su ware kuɗin ɗakunan ajiya da rancen ajiya a kasafinsu na gaba, su kuma kafa sikeli a kasuwannin Bande da Dungas kafin albasar baɗi ta fito.