Jirin da ke ɗibar ma'aikaci idan ya miƙe tsaye

Duk lokacin da mutum ya miƙe daga kujera, jinin da ya kai rabin lita yakan gangara zuwa ƙafafu da ciki. Abin da ke hana shi faɗuwa wani aiki ne da jiki ke yi ba tare da neman izininsa ba. A jikin manyan hanyoyin jini na wuya, da babbar hanyar da ta fito daga zuciya, akwai jijiyoyi masu jin ƙarfin bugun jini. Su ke kai rahoto ga gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, inda take haɗuwa da laka. Cikin 'yan daƙiƙoƙi umarni zai dawo, zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke.

Wasu magungunan hawan jini a nan suke aiki. Methyldopa, wanda aka fi sani da Aldomet, da clonidine suna rage umarnin da gindin ƙwaƙwalwa ke aikawa. Da haka suke sauke jini, da haka kuma suke kawo jiri da gyangyaɗi. Wanda ya daina shan clonidine kwatsam, jininsa na iya hauhawa fiye da yadda yake tun farko. Giya da ƙwayoyin barci irin su diazepam sukan ƙara dusashe wannan martani, musamman in an haɗa su da maganin hawan jini.

Shi ya sa nake ganin ganganci ne abin da ya zama ruwan dare a ofisoshin Abuja: wannan ya sammi wancan ƙwaya, ko maigida ya aiki hadiminsa kemis da tsohon kwali ya sayo irinsa. In jiri ya ɗebi mutum bayan dogon taro, ko wajen ɗagowa daga sujada a zafin watan Maris, sai a ce gajiya ce, a kawo masa ruwan sanyi. Wani kuma ya watsar da maganin ba tare da likita ya sani ba, wanda shi ne mafi haɗari.

Ya kamata asibitocin ma'aikata su riƙa auna jinin mai shan waɗannan magunguna yana kwance, sannan yana tsaye. Idan lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da miƙewa, likita na da dalilin rage maganin ko sauya shi. Na'urar awon tana nan a kan teburin nas, minti 3 ɗin ne ake ƙyashi.