RA'AYINMU: Allurar HPV, mu auna kafin mu yanke hukunci

A ranar 24 ga Oktoban 2023 ne Gwamnatin Tarayya ta shigar da allurar rigakafin HPV cikin alluran da ake yi kyauta, domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Jihohin Legas, Ogun, Osun da Enugu na cikin rukunin farko, sauran jihohi suka biyo baya a 2024. Tun daga lokacin, iyaye a unguwanninmu ke tambaya: mu yarda ko mu ƙi?

Ba mu ga laifin mai ɗari-ɗari ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jama'armu ba su manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba. Amma kuma mu tuna da 2003, lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano: cutar ta sake bazuwa, yara suka nakasa.

Ga abin da ke gabanmu. Ƙwayar HPV ce ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma mace na iya samunta daga mijinta na sunna ba tare da shi kansa ya san yana da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Nau'i biyu na ƙwayar, 16 da 18, su ke jawo kashi 70 cikin 100 na cutar, kuma allurar na tare su. Shi ya sa ake yin ta tun yarinya na ƙarama, domin rigakafi ce, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu.

Illa fa? Akwai ciwon hannu, ɗan kumburi, ciwon kai ko zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Wasu yaran kan suma saboda fargaba, don haka ake so su zauna minti 15 bayan allurar. Mummunan borin jini kan faru, amma bai kai sau biyu cikin allura miliyan ba. Batun hana haihuwa kuwa, tun 2006 ake yin allurar a duniya, bincike bai gano haka ba. Ƙasar Japan ta daina ƙarfafa yin ta a 2013 saboda jita-jita, ta bincika, ta dawo da ita a 2022.

Mu a namu ma'aunin, amfanin ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai haƙƙi. Allurar ta kowace 'yar Nijeriya ce, ba ta 'yan asalin jiha kaɗai ba. Kada wani ya nemi kuɗi ko takardar asalin jiha. Haƙƙin iyaye ne a yi musu bayani da harshen da suke ji, a nemi yardarsu, a ba yarinya katinta. 'Ya'yanmu masu talla da 'yan Islamiyya kada a tsallake su don ba sa makarantar boko.

Muna kira ga sarakunan Hausawa, malamai da shugabannin mata su gayyato ma'aikatan lafiya, a yi tambayoyi a fili. Iyaye mata kuma su je gwajin bakin mahaifa, domin allurar ba ta maye gurbinsa. Duk wanda aka hana ko aka nemi kuɗi a hannunsa, ya kawo ƙorafi ofishin ƙungiya.