Ƙaramin cikin jirgi

A Dogon Dutsi da Tibiri babu kogi, sai tabkunan damina. Yaron Arewa da ke son ganin manyan kwale-kwale sai ya je Gaya, bakin Kwara.

A Ingila kuwa, tseren kwale-kwale babban wasa ne. Tun 1829 ɗaliban jami'ar Okusfod da na Kambirij suke karawa a kogin Tems. Yau a birnin Landan ake tseren, tsawonsa ya kusa kilomita 7. Kowane jirgi yana ɗauke da mutum 9. Takwas ƙarfafa ne, su ke tuƙi, kuma sun ba hanya baya. Na taran ba ya taɓa filafili. Galibi shi ne mafi ƙanƙanta, don kada ya yi wa jirgi nauyi. Yana zaune a baya, shi kaɗai ke ganin gaba. Da igiya yake juya jirgin, da baki yake haɗa hannun matuƙa. In ya yi kuskure, ƙarfin ƙattai takwas ya tafi a banza.

A 1981 wata ɗaliba, Sue Brown, ta zama mace ta farko da ta zauna wannan wuri a tseren. Jirginta na Okusfod ya ci. A 1982 ma ya sake ci.

Aikin daraktan lakwal ya yi kama da wannan. Ba shi ke karatun ba, ba shi ke rubuta jarrabawa ba. Amma shi ya san ajin da ya gaji, da malamin da ke bukatar taimako, da yaron da ya daina zuwa tun da aka soma girbin hatsi.

To, me ya sa a aji da yawa ƙato ake ba shugabanci? Wai don a ji tsoronsa. Tsoro yana sa aji ya yi shiru, gaskiya ne, amma shirun yakan ƙare da zarar ƙaton ya fita. Ƙanana kuwa, balle ƴan mata, ko tambayarsu ba a yi. Wannan ba daidai ba ne.

A watan Oktoba, in an koma lakwal, za a sake zaɓe. Akwai ƴar ƙaramar nan ta bencin gaba, wadda ta san sunan kowa da unguwar kowa, ta kuma san wanda bai da alli. Ita ma a rubuta sunanta a allo.