Hukuncin ƙarshe da ƙofar gyara

A Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, ana koya wa ɗaliban shari'a cewa hukuncin da ya zama na ƙarshe ba a sake buɗe shi. Muna goyon bayan wannan ƙa'ida, domin shari'ar da ba ta ƙarewa mai kuɗi kaɗai take amfana. Sai dai alƙali mutum ne, yana kuskure.

Kuskure iri biyu ne. Akwai na alƙalami: suna, lamba, lissafi. Wannan kotu na iya gyara shi da kanta, muddin ba ta taɓa ainihin hukuncin ba. Ko shi ma ba wasa ba ne. Ranar 17 ga Nuwamba 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya ta karanta hukuncin sauke Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano. Da kwafin hukuncin mai hatimi ya fito, sai ga wani sashe yana ba Abba nasara, har da umarnin a biya shi naira miliyan ɗaya. Kotu ta ce kuskuren rubutu ne, Kanawa da yawa suka ƙi yarda. Abin da ya kashe wutar shi ne akwai kotu a sama, kuma ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Abba.

'Yan majalisar Filato da kotu ta sauke ba su samu wannan gata ba, kuma kuskuren da ya same su iri na biyu ne, na ainihin hukunci. Shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. Kotun Ƙoli ta ce hujjar da aka kafa a shari'ar gwamnansu, irin wadda aka kore su da ita, kuskure ce, amma kujerun sun riga sun tafi.

A nan gida Nijar, kundin tsarin mulkin 2010, lokacin da yake aiki, ya hana ɗaukaka ƙara kan hukuncin Kotun Tsarin Mulki. Mun kuma ga abin da ya faru a 2009, lokacin da Shugaba Tandja ya rusa kotun saboda ta hana shi ƙuri'ar raba gardama. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba, ba shi ne mai gyara shi ba.

Yanzu da ake sake gina cibiyoyin ƙasa, muna kira ga masu rubuta dokoki da malaman Harobanda su fayyace iyakar gyara. Kuskuren alƙalami a gyara shi cikin wa'adi ƙayyadadde, a gaban ɓangarorin biyu, kuma a buga gyaran kowa ya gani. Sake duba ainihin hukunci kuwa, sai an tabbatar da takardar jabu ko wata sabuwar hujja mai ƙarfi. Shari'ar zaɓe kada a bar ta ta ƙare a mataki ɗaya.