SHARHI: Jiragen Ruwan Shaƙatawa Da Abin Da Suke Bar Wa Tsibiran Seshel

Ƙasar Seshel, wadda ta ƙunshi tsibirai 115 a cikin Tekun Indiya, gabas da gaɓar Kenya, ta daɗe da jingina tattalin arzikinta a kan yawon buɗe ido da kamun kifi. Tun daga shekarar 1972 da aka buɗe babban filin jirgin sama a tsibirin Mahe, baƙi suka yi ta kwarara, har a shekarar 2019 yawansu ya haura dubu 380, wato kusan ninki huɗu na jama'ar ƙasar. Daga cikin waɗannan baƙi akwai wani rukuni da ba ya kwana a otal. Su ne masu hayar ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, ko masu zuwa da nasu daga ƙasashe masu nisa, su mai da jirgin gida, suna yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan, suna nutso cikin teku don kallon kifaye da murjani. Ya kamata a yi lissafin abin da irin wannan baƙo yake bar wa ƙasar da ya ziyarta.

Rayuwar cikin irin wannan jirgi rayuwa ce ta tattali. Jirgin da tsawonsa bai wuce mita goma sha biyu ko sha huɗu ba yakan ɗauki mutum shida zuwa takwas, da ɗakunan kwana, da madafa, da makewayi. Ruwan sha yana cikin tanki, ana auna shi kamar magani, sai fa in akwai na'urar tace ruwan gishiri. Wutar lantarki daga farantan hasken rana da batura take fitowa, saboda haka firji da fitilu da na'urorin nuna hanya duk rabon wuta suke yi. Iska ce ke yanke shawarar inda za a kwana: daga watan Mayu zuwa Satumba tana kaɗawa da ƙarfi daga kudu maso gabas, sai matuƙi ya nemi mafaka a gefen tsibirin da ke arewa ko yamma, daga Disamba zuwa Maris ta juyo daga arewa maso yamma, lissafi ya sake. Tsakanin Mahe da Praslin tafiyar kilomita arba'in ce da 'yan kai, aikin wuni ɗaya ko ƙasa da haka, daga nan kuma La Digue da Curieuse suna kusa, ido na ganinsu.

Nutso kuwa yana da nasa ƙa'idoji. Mai takardar shaidar matakin farko ba ya wuce zurfin mita 18, tukunyar iskar da yake goyo ba ta cika kai shi fiye da awa guda ba, kuma wanda ya yi nutso ba ya hawa jirgin sama sai ya huta na kusan kwana ɗaya, don gudun illar iskar da ta taru a jininsa. A watannin Afrilu da Oktoba da Nuwamba, lokacin da iska ke lafawa, ruwa yakan yi garau, kuma a lokacin ne masu wannan sha'awa suka fi samun abin da suka zo nema.

To, a nan ne batun tattalin arziki yake. Wanda ya sauka a otal, dole ya biya ɗaki, ya ci abincin da wani ya dafa, ya hau motar haya, wani ya wanke masa zannuwan gado. Mai jirgi kuwa da otal ɗinsa yake yawo. Yawancin jiragen haya masu gangar jiki biyu a Faransa ko Afirka ta Kudu ake ƙera su, manyan kamfanonin da ke ba da hayarsu na ƙasashen waje ne, kuma baƙo kan biya kuɗin hayar tun yana gida kafin ya taso. Kayan abincin da yake lodawa a Biktoriya, babban birnin ƙasar, akasarinsu shigo da su aka yi da kuɗin waje. Idan aka cire duk wannan, abin da ya rage a hannun ɗan ƙasa bai kai yadda yawan jiragen da ke jere a tashar Eden Island yake nunawa ba.

Wannan ba dalili ne na juya wa harkar baya ba. Akwai abubuwan da jirgi ba ya iya ɗaukowa daga gida, kuma su ne kasuwar ƙasar. Ruwan gishiri da zafin rana ba sa barin inji da waya da filafili su zauna lafiya, don haka makaniki da mai walda da mai gyaran lantarki da maɗinkin filafili ba sa rasa aiki. Matafiyan da suka ƙetaro teku da jirginsu sukan zauna makonni, wani lokaci watanni, suna jiran iska ta juya, kuma duk tsawon zaman a hannun masu sana'a da 'yan kasuwa kuɗinsu yake ƙarewa. Haka nan jirgi yana kai ciniki ƙananan gaɓoɓin da babban otal bai isa ba, inda masunci zai sayar da kifi, mai lambu ya sayar da gwanda da ayaba. Kwabon da ya faɗa hannun waɗannan ya fi daɗewa a cikin ƙasa.

Sai dai jarin da duk wannan ciniki ya dogara a kai yana ƙarƙashin ruwa ne. A shekarar 1998 ɗumamar ruwan teku ta kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na murjanin da ke kewaye da tsibiran tsakiya, kuma bai gama farfaɗowa ba aka sake samun irin wannan ɓarna a shekarar 2016. Ƙasar ba ta da iko a kan zafin teku, amma tana da iko a kan ƙugiyar jirgi. Duk lokacin da aka jefa ƙugiya a kan murjani, sarƙar ta yi ta jan ƙasa cikin dare yayin da jirgi ke juyawa, abin da ya ɗauki shekaru yana girma sai ya karye kafin gari ya waye. Maganin sananne ne: a kafa turaku na dindindin a ƙasan teku, da ƙwallo mai shawagi a sama, jirgi ya zo ya ɗaure kamar yadda ake ɗaure doki, ya biya kuɗin kwana.

Gaskiya ne hukumomin ƙasar sun yi abin a yaba. Tun shekarar 1973 aka keɓe ruwan Sainte Anne a matsayin gandun teku. Bayan ƙasar ta kasa biyan basussukanta a shekarar 2008, ta ƙulla yarjejeniyar da aka sauya fasalin bashin dalar Amurka miliyan 21.6 bisa sharaɗin kare teku, kuma a watan Maris na 2020 ta cika alkawarin keɓe kashi 30 cikin ɗari na ruwanta. A shekarar 2018 ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan 15 don ayyukan teku, irinsu na farko da wata gwamnati ta fitar. Amma shata iyaka a kan taswira abu ne mai sauƙi. Ruwan ƙasar ya zarce murabba'in kilomita miliyan ɗaya, tsibirin Aldabra kaɗai yana da nisan fiye da kilomita dubu daga Mahe, kuma sintiri kuɗi yake ci kullum. Mai jirgin da ke cin moriyar wannan kariya shi ya fi cancanta ya ɗauki kaso mai tsoka na kuɗinta.

Masu harkar sukan ce idan aka tsananta haraji baƙi za su karkata zuwa Maldibis ko arewacin Madagaska. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ya faru a baya ya nuna wani abu dabam ne ya fi korar jirage. A shekarar 2009 'yan fashin teku daga Somaliya suka kama jirgin masu nutso mai suna Indian Ocean Explorer tare da ma'aikatansa 'yan Seshel, a watan Oktoba kuma suka sace wasu ma'aurata 'yan Ingila daga jirginsu bayan sun bar ƙasar, ba a sako su ba sai Nuwamban 2010. Shekaru aka yi matafiya suna ƙaurace wa yankin, ba tare da an ƙara musu ko kwabo na haraji ba. A shekarar 2020 annobar korona ta mai da yawan baƙi ƙasa da dubu 120. Wanda ya iya biyan hayar jirgi na mako guda, kuɗin turke na dare ɗaya ba zai hana shi zuwa ba, muddin akwai tsaro kuma akwai abin kallo a ƙasan ruwa.

Saboda haka kamata ya yi hukumomin ƙasar su riƙa bayyana, ban da yawan jiragen da suka shigo, adadin kuɗin da ya tsaya a cikin gida da yawan 'yan ƙasa da ke aiki a matsayin matuƙa da makanikai da jagororin nutso. Kamata ya yi kuma a haramta jefa ƙugiya a duk inda murjani yake, a wadata wuraren da turaku, kuɗin da aka karɓa kuma a ga alamarsa a jiragen sintiri da makarantun koyon aikin teku, musamman a Praslin da La Digue inda jiragen suka fi kwana.