Haruffan Wasan Yara a Kan Sanarwar Rasuwa?

Jama'ar Sabo, haruffan nan masu ƙiba da zagaye, kamar an hura balan-balan, sun mamaye mana fastoci. A allon mai shayi ko katin suna ba mu da ja, har sukan burge. To amma takardar sadakar bakwai fa?

Uban gidansu, Comic Sans, Vincent Connare ne ya zana shi a kamfanin Microsoft a 1994, saboda maganar wani karen zane da ke cikin kwamfuta. Kare fa, jama'a! Da shi ake rubuta sunayen mamatanmu.

Abin da ya fi ciwo, yawancin irin waɗannan haruffa ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Sai ka ga "Allah ya jiƙan Malam" ya koma "jikan Malam", addu'a ta zama zancen jika.

Masu buga takardu na Mokola ba su da laifi, galibinsu ba sa karanta Hausa. Wanda ya kai aikin shi ne zai tsaya a gaban kwamfuta ya duba, in ya ga ƙ ba lanƙwasa ya ce a canza haruffa kafin a kunna inji.